AJAYI CROWTHER: BAWAN DA YA ZAMA BISHOP NA FARKO BAƘAR FATA A ƊARIƘAR ANGILIKA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya bi ta titin Marina a birnin Ikko zai ga wata babbar majami'a tana fuskantar ruwa. A harabarta akwai kabarin wani dattijo wanda ya rasu ran 31 ga watan Disamba, 1891. Da fari an binne shi a maƙabartar Ajele, sai cikin 1971 gwamnati ta bukaci filin maƙabartar, cikin 1976 kuma aka tone shi aka kawo shi nan. Sunansa Samuel Ajayi Crowther. Mutanen Kudu sun san labarinsa tun suna makarantar firamare, amma mu a Arewa kaɗan ne suka san cewa mutumin nan ya taka Lakwaja da Raba da Bida da Ilori, ya zauna gaban sarakunanmu, har wani Sarkin Nufe ya taɓa aika masa da wasiƙa yana neman taimakonsa. Labarinsa kuwa yana nuna mana abin da Kirista suke nufi in sun ce an naɗa mutum limami, da irin nauyin da ke wuyan wanda aka naɗa.

YARON DA AKA MUSANYA DA DOKI

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a wani gari da ake kira Osogun, kusa da Iseyin, cikin ƙasar Oyo. Zamanin nan daular Oyo tana rushewa, yaƙe-yaƙe sun cika ƙasar Yarbawa, kowa na kama kowa. Cikin 1821 mahara suka faɗa wa garinsu da safe. Shi kansa ya rubuta daga baya cewa rundunar ta haɗa da Yarbawa Musulmi da Fulani. Aka ƙone garin, aka ɗaure shi da igiya a wuya tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, kafin kwana ɗaya ya cika kuma an raba su. Mahaifinsa bai sake ganinsa ba har abada.

Daga nan sai ya shiga hannun fatake. An taɓa musanya shi da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka komo da shi. Aka yi ta sayar da shi daga kasuwa zuwa kasuwa, har a wani wuri aka ba da shi a bakin taba da barasa. Baƙin ciki ya kai shi ga neman kashe kansa, Allah bai nufa ba. A ƙarshe ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko, suka zuba shi cikin jirgin ruwa tare da bayi kusan ɗari biyu, za a haye da su teku.

To, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Cikin watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar masu cinikin bayi suka tare shi. Yaran ba su san an cece su ba ne. Da Ajayi ya ga tarin harsasan igwa da naman alade a rataye cikin jirgin Ingilishi, sai ya zaci kawuna da naman 'yan uwansa ne da aka yanka. Cikin watan Yuni aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda ake tara 'yantattun bayi.

A can ne 'yan mishan na ƙungiyar C.M.S. suka karɓe shi. Kansa na ja ƙwarai, cikin wata shida ya iya karatun Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba, 1825, aka sa masa sunan wani limami na Landan, watau Samuel Crowther. Da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay cikin 1827, sunansa ne na farko a littafin rajista. Ya auri wata yarinya mai suna Asano, ita ma 'yantacciyar baiwa, wadda aka yi wa baftisma da sunan Susan, suka zauna tare shekara hamsin. Ya yi shekaru yana aikin malamin makaranta.

TAFIYAR KWARA DA NAƊIN LIMANCI

Cikin 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau kogin Kwara, don ƙulla alkawari da sarakuna a daina cinikin bayi a koma noma da halattaccen ciniki. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin ayarin, wani Bajamushe mai suna J. F. Schön da kuma Crowther, aka umurce su su koyi Hausa saboda tafiyar. Wannan Schön shi ne daga baya ya buga nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876. Ayarin ya kafa gona a mahaɗar Kwara da Binuwai, jirgi ɗaya ya kai har Egga, amma zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in, tilas aka juya.

Wannan asara ita ta buɗe wa Crowther hanya. Schön ya shaida wa shugabanninsa cewa in ana son aikin nan ya yi ƙarko, sai 'yan Afirka sun riƙe shi da kansu. Aka kira Crowther Ingila ya ƙara karatu, cikin 1843 Bishop na Landan ya naɗa shi dikon, bayan 'yan watanni ya naɗa shi firist.

A nan ya kamata mu yi wa masu karatu ɗan bayani. A ɗariƙar Angilika, kamar ta Katolika, limanci hawa uku ne. Dikon shi ne matakin farko, aikinsa hidima: taimakon limami cikin sujada, karanta Littafi, da kula da matalauta da marasa lafiya. Firist shi ne mai riƙe da majami'a, yana wa'azi, yana baftisma, yana ɗaura aure, yana binne matattu, shi kuma ke jagorantar Jibin Ubangiji. Bishop shi ne makiyayin makiyaya, shi ke duba dukan majami'un yankinsa, shi kaɗai kuma yake da ikon naɗa wani. Naɗin kuwa ana yinsa ne a gaban jama'a, bayan an jarraba ilmin mutum da halinsa, ya ɗauki alkawari, sa'an nan bishop ya ɗora masa hannu a ka ya yi addu'a. A ganinsu wannan amana ce da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu tun zamanin manzannin Almasihu. Wasu ɗarikun ba su da bishop, dattawan ikilisiya ne ke keɓe fasto, amma duk sun haɗu a kan cewa ba gado ake yi ba, ba kuma saya ake yi ba, kira ne wanda jama'ar masu bi ke tabbatarwa.

Saboda haka ran da aka ɗora wa Crowther hannu, an shaida a fili cewa yaron da aka musanya da doki ya isa ya tsaya inda kowane limami Bature yake tsayawa. Wannan magana ce za ta bi shi har kabari.

KOMAWA GIDA

Cikin 1845 ya sauka Badagiri tare da Henry Townsend da C. A. Gollmer, shekara ta gaba suka shiga Abekuta. Ba a daɗe ba sai labari ya zo masa cewa mahaifiyarsa tana da rai a wani gari kusa. Bayan shekara ashirin da biyar da rabuwa, uwa da ɗa suka haɗu. Cikin 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu, ta kuwa yi tsawon rai har 1883.

A ganin Crowther, limamin da jama'a ba su jin maganarsa bai fara aiki ba tukuna. Don haka ya duƙufa kan harshen Yarbanci. Ya buga littafin kalmomi tun 1843, ya nace a riƙa sa alamun karin sauti a rubutu, ya riƙa zama da tsofaffi da masu duba yana tattara karin magana da kalmomin da suka fara ɓacewa. Wata gobara a Ikko ta cinye masa takardun da ya yi shekaru yana tarawa, ya sake farawa. Shi ne ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki da Yarbanci wadda ta kammala cikin shekarun 1880, wadda kuma ta zama tushen daidaitaccen Yarbancin da ake rubutawa.

Wani abin lura a nan shi ne kalmar da ya zaɓa wa limamin Kirista. Bai ɗauki sunan masu tsafi ko masu yanka wa gumaka ba, sai ya ɗauki alufa, sunan da Yarbawa ke kiran malamin Musulmi. Haka kuma ya ɗauki adura, wadda asalinta ɗaya da addu'a. Wannan ya nuna yadda ya ɗauki aikin: limami mutum ne na littafi da koyarwa da addu'a, ba boka ba.

Cikin 1851 aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta, ya yi musu bayanin cinikin bayi a Ikko. Bayanan da ya bai wa manyan Ingila suna cikin abin da ya ƙarfafa su suka kai wa Ikko farmaki a ƙarshen shekarar nan suka kori Sarki Kosoko. Masu tarihi har yanzu suna muhawara kan wannan, gama abin da ya fara da hana cinikin bayi ya ƙare da mallakar Ikko cikin 1861.

BISHOP NA KWARA

Cikin 1854 ya sake hawa kogi tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai. Wannan karon sun riƙa shan kwinin, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Cikin 1857 suka komo, ya kafa tashar mishan a Anacha a hannun J. C. Taylor, limami ɗan asalin ƙasar Ibo daga Saliyo, da wata a Gbebe kusa da Lakwaja. Jirginsu ya bugi dutse a Jaba ya nutse, suka yi fiye da shekara a bakin kogi. Crowther bai zauna banza ba, sai ya kama koyon Nufanci, ya buga littafin koyon karatu cikin 1860 da nahawu cikin 1864.

Sakataren C.M.S. na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa aikin ɗan mishan kamar na magini ne da ke kafa tsani, in gini ya tashi sai a janye tsanin. Yana son ikilisiyar da za ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Don haka ya dage a naɗa Crowther bishop. Townsend, abokin aikinsa na Abekuta, ya ƙi ƙememe, yana ganin baƙar fata ba zai shugabanci Bature ba. Shi Crowther ma da fari ya nemi a ɗauke masa. Amma ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oksfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron har da hafsan jirgin yaƙin da ya cece shi shekara arba'in da biyu da suka wuce.

Sai dai an ba shi da hannun dama an karɓe da hagu. Aka ce yankinsa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ba su ƙarƙashin Sarauniya, amma Turawan mishan na Ikko da Abekuta da Badun aka bar su a hannun Bishop Bature na Saliyo. Ƙasar da ya fi sani da harshen da ya fi iyawa aka raba shi da su. Aka bar masa kogi, ba kuɗin kirki, ba jirgin kansa har 1878, sai ya jira jiragen 'yan kasuwa su hau da shi sau ɗaya a shekara lokacin da ruwa ya cika. Ma'aikatansa kuwa yawanci 'yan Saliyo ne, kafintoci da dukawa da malaman makaranta, masu ƙaramin ilmi da ƙaramin albashi, baƙi a inda aka ajiye su.

Duk da haka aiki ya ci gaba. Ya buɗe tasha a Boni bisa gayyatar sarkinta, da Birass cikin 1868. A Boni aka daina bauta wa guza cikin 1867, aka kuma yi ta yaƙi da kashe tagwaye. A wannan shekarar ce wani basarake na bakin kogi mai suna Abokko ya kama shi ya tsare yana neman fansa, wajen kuɓutar da shi aka harbi mataimakin jakadan Ingila na Lakwaja da kibiya mai dafi ya mutu. Cikin 1870 ya naɗa ɗansa Dandeson limami da hannunsa.

ZAMANSA DA SARAKUNAN MUSULMI

Abin da ya fi shafarmu shi ne yadda ya zauna da Musulmi. Tun yana saurayi a Saliyo ya gane cewa gardama da cin mutunci ba su jawo kowa, sai dai su ƙara taurin kai. Lakwaja tana ƙarƙashin ikon Etsu Masaba na Bida, Crowther kuwa bai taɓa kafa kome a ƙasar Nufe ba sai da izinin sarki. Yakan je gaisuwa da kyaututtuka, har da Littafi Mai Tsarki na Larabci, bayan an rufe ofishin jakadan Ingila na Lakwaja cikin 1869 kuma shi ne yakan kai saƙo tsakanin Bida da hukumar Ingila.

Cikin 1872 ya biyo ta Ilori, Sarki ya tara malamai aka yi masa tambayoyi kan Annabi Isa da ranar ƙarshe. Bai zagi kowa ba, bai kuma ɓoye abin da ya gaskata ba, kowace tambaya sai ya buɗe littafinsa ya karanta abin da ke ciki, aka rabu da mutunci bayan ya yi wa Sarki addu'a. Cikin shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana kuka da barasar da Turawa ke shigowa da ita, wadda ke lalata jama'arsa, ya roƙe shi ya kai kukan gaban Sarauniya. Aka fassara wasiƙar aka yi ta yaɗa ta a Ingila. Sarki Musulmi ya ga cewa limamin Kirista ne zai fi jin zafin wannan ɓarna.

Gaskiya ne bai sami mabiya da yawa a ƙasar Nufe ba. Amma mutumin da mahara Musulmi suka kama yana yaro, ya girma bai riƙe addininsu da ƙiyayya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

WULAƘANCIN ANACHA

Venn ya rasu cikin 1873, zamani kuma ya juya. Kwinin ya sa Turawa suna rayuwa a bakin kogi, kamfanin Goldie ya ture 'yan kasuwa baƙar fata, ra'ayin fifikon farar fata ya bunƙasa a Turai. A ɗaya gefen kuma akwai laifi na gaske cikin ma'aikatan Crowther. Wasu sun shiga fatauci, wasu shan giya da neman mata, mafi muni ma, an yi wa wata yarinya duka har ta mutu a Anacha, aka hukunta mutum biyu da suka yi aiki da mishan a kotun Firitawun cikin 1882. Crowther mutum ne mai sanyin hali, ya fi son ya ja kunne ya ba da damar tuba, ba ya korar mutum sai da shaida tabbatacciya. Masu sukarsa suka ce sakaci ne. Aka karɓe harkar kuɗi daga hannunsa aka ba wani kwamiti mai sakatare Bature.

Cikin 1890 wasu samarin Turawa masu zafin addini suka iso, cikinsu da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka zauna Lakwaja suna sa riga da rawani da niyyar shiga ƙasar Hausa. Suka ce duk aikin kogin ruɓaɓɓe ne. Cikin watan Agusta aka yi taron kwamiti a Anacha, sakataren, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, wanda ya fara aikin tun ba a haifi ko ɗayansu ba, ya ajiye shugabancin kwamitin. Aka sallami mafi yawan ma'aikata 'yan Afirka.

Abin da ya sa wannan ya girgiza Kirista daga Saliyo har Boni shi ne, bisa dokar ɗariƙar kanta ikon naɗawa da dakatarwa na bishop ne. In sakataren ƙungiya mai riƙe da jakar kuɗi zai warware abin da bishop ya ƙulla don bishop ɗin baƙi ne, to naɗin Kantabari ya zama wasa ke nan. Hedkwatar Landan ta sassauta wasu hukunce-hukuncen daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Majami'un bakin teku suka yanke shawarar riƙe kansu da kuɗinsu, Crowther ya amince. Kafin a ƙaddamar, shanyewar jiki ta kama shi cikin 1891, ya rasu a Ikko ranar ƙarshe ta shekarar. Aka buɗe ikilisiyar mai cin gashin kanta cikin Afrilu, 1892, a hannun Dandeson.

Samarin nan ma ba su daɗe ba. Robinson ya rasu a Lakwaja cikin 1891, Brooke cikin 1892, ba su ga Kano ba. Ɗan'uwan Robinson ne ya isa Kano daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa. Aka gaji Crowther da Bature, bayansa kuma Bishop Tugwell, wanda ya zo Kano da Likita Miller cikin 1900 Sarki Alu ya sallame su. 'Yan Afirka sai mataimakan bishop kawai ake ba su. Sai cikin 1952, bayan shekara sittin, aka sake ba ɗan ƙasa riƙon yanki sukutum. Cikin 1979 ɗariƙar Angilika ta Nijeriya ta sami 'yancin kanta, Timothy Olufosoye ya zama Babban Bishop na farko.

Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Cikin 2014, da aka cika shekara 150 da naɗin, Justin Welby, wanda yake Babban Bishop na Kantabari a lokacin, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa Crowther ya amsa cewa an zalunce shi, ya nemi gafara. Akwai jami'a mai sunansa a garin Oyo. Jikansa kuwa, ɗan 'yarsa Abigail, shi ne Herbert Macaulay, uban 'yan kishin ƙasa, wanda ciwon ajali ya kama a Kano cikin 1946, wanda kuma hotonsa ke kan tsohuwar takardar naira ɗaya.

Yau majami'u sun yi yawa a ƙasar nan, masu kiran kansu fasto da bishop ba su ƙirguwa, wasu ma ba wanda ya ɗora musu hannu sai kansu. Mai son auna su yana iya duba dattijon nan. Ya koyi harshen mutane kafin ya yi musu wa'azi, ya nemi izinin sarki kafin ya kafa bukka, ya yi haƙuri da masu laifi har aka zarge shi da sakaci, da aka wulaƙanta shi kuma bai fasa ɗariƙar ya tafi da rabinta ba. Ko an yarda da addininsa ko ba a yarda ba, wannan hali ne da kowane mai jan ragamar jama'a, limami ko fasto, zai amfana in ya yi koyi da shi.